Ni na kwance bandejin Ayuba

Salama gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Hannatu, matar Ayuba na Dogarawa. Zan faɗi abin da Ubangiji ya yi mana, amma ba mai daɗi ba ne, kuma wasunku na ciki.

Shekarar da ta bi bayan babban fari, Ayuba ya faɗo daga kan rumbu, ƙashin ƙugunsa ya karye. A amalanke muka kai shi asibiti, likita ya tsaga ya sa masa ƙarfe.

To ni 'yar maɗori ce. Tun ina yarinya nake riƙe wa babana kara yana ɗaure karaya, kuma dokarsa ɗaya ce: mai karaya ba ya motsi sai ya cika kwana arba'in.

Kwana biyu da aiki sai ga Saratu, ma'aikaciyar jinya, ta naɗe ƙafafunsa da bandeji, ta kawo sanduna, wai ya riƙa motsa yatsu, gobe ya miƙe. Ta ce, "Inna, in ya kwanta jini ma kwantawa zai yi. Shi daskare cikin ƙahwa, gudan jinin shi tahi ƙirji."

Na ce to. A raina na ce, 'yar jiya ce za ta koya mini ƙashi?

Tana juya baya sai in kwance bandejin, in na ji tafiyarta in mayar. In ta tambaya, in ce ya taka tun da safe. Ƙarya, ni da nake jan waƙa a zumuntar mata! Ku kuma kuka yi ta zuwa dubiya da fura, yana yunƙurin tashi kuna danne masa kafaɗa: "Kwanta abinka, malam, kada ka wahal da kanka." Kun yabe ni, wai na iya jinya.

Ran kwana tara ƙwaurinsa ya kumbura kamar taɓarya. Da hantsi ya dafe ƙirji, numfashi ya gagara, ya tofar da jini.

Saratu ta dube ni. "Inna, gaya min gaskiya, ya taɓa takawa?"

Na zube nan gefen gado na ce, ya Yesu, girman kaina ne, kada ka ɗauke shi saboda ni! Ina ɗagowa na ce mata ko sau ɗaya bai taka ba. Ta ruga ta kira likita, aka fara masa allurar tsinka jini. Kwana uku muna tsakanin rai da mutuwa, a na huɗu ya nemi kunu.

Ya rayu! Yabo ga Ubangiji!

Amma ƙafar ba ta saɓe ba. Gyambo ya buɗe a idon sawu, shekara huɗu ke nan bai riƙe hauya ba. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Ku dogara ga Yesu, ku ji maganar masu aiki. In kun je duba wanda aka yi wa aikin ƙugu ko gwiwa, ku ba shi kafaɗa ya miƙe. Ni dai kowace safiya ina wanke gyambon nan da hannuna, ina gode wa Allah da ya bar mini mai ƙafar. Amin.