Ranar da Ƙwayoyi Suka Zubo Daga Hulata

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya san abin da muke ɓoyewa.

Shekara talatin ina tuƙa tirela. Kwatano, Yamai, Garwa, Kumasi, duk na sha ruwansu, na ji yarensu daidai gwargwado. Abin da na dawo da shi Tudun Wada shi ne ciwon baya. Likita ya rubuta mini tiramol na mako biyu. Na yi shekara huɗu ina sha.

A Kumasi na ga 'yan dako suna haɗiyarta da shayi, na ce waɗannan su ne 'yan ƙwaya. Ni mai ciwo ne, dattijon ikilisiya kuma. Haka na ruɗi kaina.

Ɗaya ta zama uku, uku ta zama shida. In ta sake ni, ƙafafuna ba sa tsayawa wuri ɗaya. In fita ƙofar gida, in koma, in sake fita. Na daina zuwa gona, na fara tsoron mutane. Na yi wa matata Ladi tsawa a kan gishirin miya, ta dube ni ta ce, "Baban Rahila, ba kai na aura ba. In haka za mu zauna, zan koma Doguwa wurin 'yan'uwana."

Tun daga nan nake ɓoye ƙwayoyin a cikin hulata. Ran Lahadi nakan juye su a aljihu kafin in iso majami'a.

Wata Lahadi na makara, kaina a rikice, na manta. Ina shiga na cire hula yadda muka saba. Ƙwayoyin suka watse a kan siminti, har ƙarƙashin bencin mata zumunta.

Ladi ta durƙusa tana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Na buɗe baki in ce maganin hawan jini ne. Abin da ya fito shi ne, "Ya Yesu, na gaji. Ka cece ni."

Washegari Fasto ya raka ni asibiti a Kano. Likita ta hana ni dainawa rana ɗaya, ta riƙa rage mini kaɗan-kaɗan, ta kuma yi mini maganin damuwa. Na yi gumi, na yi amai, na yi kuka da furfurata.

Bayana har yau yana ciwo, musamman da damina. Amma hankalina ya dawo. Ladi kuma ga ta can a benci na biyu, ba ta je ko'ina ba. Na gode wa Allah!

Kai da ke ɓoye taka, kada ka jira ta zube. Ka dogara ga Yesu, ka faɗa wa wani yau, ka je asibiti. Amin.