Mai Shaho a Ƙofar Gidanmu

Ku rage surutu. Tun la'asar kuke gardamar wace mota ta fi wace, kuma duk cikinku babu mai ko tayar keke. Kai Nasiru, ajiye wayar nan ka matso. Sau ɗaya zan faɗa.

Kuɗin motar da suka kai ni Ikko na albasa ne. Babana ya ajiye ta yana jiran ta yi tsada, da na matsa sai na tafi ci-rani, ya fitar da ita ya sayar da araha. Bai yi mini dogon wa'azi ba. Ya ce, "Garba, in ka ga abin bai yi ba, ka san hanya." A saman motar shanu na bar Birnin Kebbi. Lokacin duk muna jihar Sakkwato, Birnin kuwa shiru yake, in mota ta wuce sai an juya an tambayi ta wa ce.

Ikko ba haka take ba. Motoci su jeru su tsaya cik kamar an ɗaure su, sunan abin wai gosulo. Na kama ɗaki wurin wata Bayarbiya, Iya Mulika. Kullum faɗanmu ɗaya ne, ruwan alwala.

"Aboki, ka jiƙa mini ƙofa!"

"Sunana Garba."

"To, Aboki Garuba, ka jiƙa mini ƙofa!"

Amma ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, ita ta kawo mini farfesu mai yajin da ya kusa cire mini kunne. Allah ya saka mata.

Aiki na samu gidan Alhaji Isa, mutumin Jega, mai fataucin goro. Da wankin mota na fara, har direbansa ya koya mini tuƙi, na yi lasin, shi ya bar aiki na gaje shi. Motocin Alhaji biyu ne. Ta farko baƙa, doguwa, da ɗan shaho na azurfa tsaye a kan hancinta, shi ya sa kowa ke ce mata Mai Shaho. In ka rufe ƙofarta sai ka ji dum, har cikin ƙirji. Kujerunta na fata ne, ƙamshinsu har yau yana hancina. Sai dai ta tsufa. Ta biyu sabuwa ce fara, babu wanda ya san sunan kamfaninta, mutanen gidan suka sa mata Gwangwani. Ita ke da na'urar sanyi. Da na fara jin ana cewa iyakwandishan, na ɗauka wata 'yar'uwar Iya Mulika ce.

To, ku masu gardama, ku ji. In na ɗauki Alhaji a Mai Shaho, tun daga nesa masu gadi ke wangale ƙofa, 'yan yalo-fiba masu ba da hannu a titi har sara mana suke yi. In a Gwangwani muke, mutum ɗaya, babbar riga ɗaya, sai a ce mu tsaya a waje a je a tambayo. Gwangwani ba ta taɓa ƙin tashi ba. Ranar da ƙusa ta soki tayarta, Alhaji ya ce, "Ai na faɗa, kwano ce." Mai Shaho kuwa in ta ƙi tashi da safe, wanda ta saba, ni yake juyowa ya kalla.

"Garba, mi ka yi mata?"

"Ban taɓa ta ba, Alhaji."

"To ita kaɗai za ta ƙi? Ka san ƙasar da aka ƙera ta?"

Ana nan sai wani direban motar albasa ya kawo mini saƙo daga gida. Maƙwabcinmu a fadama, Mamman Dogo, ya tura iyaka ya ci rabin gonar shinkafarmu. Ɗansa na aiki sakatariya a Sakkwato, yana zuwa gida da 'yar motarsa, kuma tun da ya fara zuwa, dattawan da suka san iyakar duk suka kamu da mantuwa. Mai unguwa ya sa ranar zama. Gonar nan ita ke ciyar da gidanmu, ba mu da wata.

Na gaya wa Alhaji. Ya ce gona ba abin wasa ba ce, in ɗauki Gwangwani in je in dawo. Na tsaya ina sosa ƙeya.

"Mi kuma?"

"Alhaji, ɗan nasa ma ƙaramar mota gare shi. In na je da ƙarama, mun yi kunnen doki."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Ashe kana da kai. Ɗauki babbar." Lasisi bakanikensa ya ja ni gefe ya ce injin ya gaji, ba zai kai arewa ba. Alhaji ya ji. Ya ce wanda bai taɓa mallakar irinta ba ya daina yi mata baki.

Na kamo hanya. Tun daga Jebba take tafasa. In tsaya, in ba ta ruwa, in jira ta huce. Kontagora, Yawuri, Jega, duk rijiyar da ke bakin hanya ta san ni. Amma duk inda na tsaya sai a kawo mini tabarma da fura, ba wanda ya ce ga mota ta lalace. A tashar Birnin Kebbi har mai tsire ya bar wutarsa ya zo ya duba fuskarsa a jikinta.

Ina hango gidajen garinmu Argungu ta yi wani tari, ta yi shiru. Na murza, na sake murzawa, ko motsi. Kafin in fito mutane sun kewaye ni. Na ce musu ta mutu. Wani tsoho ya ce, "Kai yaro, irin wagga ba ta mutuwa. Manmu na nan ne bai karɓe ta ba." Wani ya ce hanyarmu ce ba ta dace da ita ba, abin kunya ne ga gari. Wani mai a-kori-kura ya kawo igiya zai ja ni, aka yi masa ca, wai ba a jan Mai Shaho kamar jaka. Da hannu suka tura ta, manya da yara, ni ina ciki riƙe da sitiyari, gumi na zuba, har ƙofar gidanmu.

Baba ya fito, ya zagaya ta, bai taɓa ba.

"Taka ce?"

"Ta maigidana ce, Baba. Kuma ba ta tashi."

"Wa ya ce ta tashi? Bar ta nan."

Duk wanda ya tambaye ni, gaskiya na gaya masa. Ba ta hana komai ba. Cewa suke yi, mutumin da aka danƙa wa wannan ya taho da ita shi kaɗai, ai ba a san iyakar wanda ke bayansa ba.

Ranar zama a ƙasa muka tafi, ni da Baba. Ɗan Mamman Dogo ya iso daga Sakkwato, ya biyo ta layinmu, aka ce ya rage gudu, ya leƙa, ya wuce bai yi hon ɗin da ya saba ba. A zauren mai unguwa kuwa mantuwa ta warke. Wannan dattijo ya tuna tsohuwar giginya ce iyaka, wancan ya tuna yana wurin ranar da kakana ya share gonar. Mamman Dogo ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi ƙasa. Sai Mamman Dogo ya ce dama ambaliya ce ta share alamar, shi ba ya son rigima da maƙwabci. Aka yi fatiha. Gona ta dawo.

Saura Alhaji. Na aika masa ta bakin direban albasa. Ya taho da kansa, shi da Lasisi, a cikin Gwangwani, tun daga Ikko ko ruwa ba ta nema ba. Ya tsaya ƙofar gidanmu, ba wanda ya tashi daga inuwa. Wani ma ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ja kwanonka baya, ka tare mana babbar." Na ga wuyan Alhaji ya kumbura.

Lasisi ya buɗe gaba ya duba, ya ce tsufa ne, injin ya ƙone.

"Rufe mini baki," in ji Alhaji. "Motag ga ba ta ƙonewa. Garba, kai ka kashe ta. Ba ni makulli da lasin ɗinka."

"Lasin nawa ne, Alhaji."

"To riƙe shi, ka tuƙa jaki."

Na miƙa masa makulli. Ya yi mini alheri, kuma har ransa ya yarda da abin da yake faɗa. Suka ɗaura mata igiya a bayan Gwangwani za su kai ta Jega. Unguwa duk ta fito rakiya. Suna tafiya a hankali, ƙaramar na gaba tana nishi, sai na ji tsohon nan na cewa, "Kun gani ko? Ita ke tura ƙaramar."

Na tsaya har ɗan shahon ya ɓace. Ba zan ɓoye muku ba, na ji kewarta, na ji kewar Ikko da gosulonta, har da masifar Iya Mulika. Baba ya shiga gida, ya fito da galma, ya jingina ta a inda motar ta tsaya.

Ya ce, "Gobe fadama. Wagga kam tana tashi."