Kurangar Mahaifina da Bukkar Baba Zebulun

Malaminmu Rabbi Yehiyel, shugaban wannan zama. Dattawan majami'armu ta Yahudawa, waɗanda suke riganmu zuwa addu'a, suke kuma riganmu zuwa akushi. Iyayenmu mata da suka dafa, da matanmu da suka ɗauko. 'Yan'uwana na da'irar gyaran hali, mu tara da muke haɗuwa kowace Talata. Maƙwabta na saman tudu da na gangare. Baƙin da suka hauro garinmu Safat domin Idin Bukkoki, kwana bakwai ɗin da muke cin abinci a cikin bukka: salama a gare ku, barkanmu da idi.

Ina gode wa Malam da ya ce in yi magana a madadin da'ira. Sau uku na tambaye shi ko ya yi kuskuren suna. Ya ce, "Obadiya, a cikinku kai kaɗai ka cika kundinka na lissafin hali." Har yanzu ban san ko yabo ne ba. Na dai rubuta, na sa alamar tambaya.

Bara Malam ya koya mana cewa da abu huɗu aka gina mutum, kowanne da ɓarnarsa. Wuta ita ce fushi da girman kai, iska surutu, ruwa kwaɗayin daɗi, ƙasa kuwa kasala. Ya ce maganinsu yana wurin kakanninmu, waɗanda muke gayyata cikin bukka ɗaya bayan ɗaya a kwanakin nan: karamcin Ibrahim, kamun kan Ishaku, gaskiyar Yakubu. Na ja layi huɗu a kundina, kullum na tashi daga gidan waya sai in zauna in yi wa kaina hukunci. Yau rana ta uku, baƙonmu Yakubu ne, saboda haka dole in faɗi gaskiya. Da ranar Ibrahim aka ba ni, da na raba muku dabino na zauna.

Kun san kurangar inabin da marigayi mahaifina Makluf ya dasa a tsakar gidanmu. Kun san barandar Baba Zebulun, ga shi can zaune, tana ƙarƙashin katangarmu, a nan yake kafa bukkarsa domin gwiwoyinsa sun daina yarda da matakala. Bayan rasuwar mahaifina kurangar ta tsallaka katanga ta rufe masa sama, kowa kuwa ya san bukkar da ke ƙarƙashin itace mai rai ba bukka ba ce. Bara, dattijon da bai taɓa fashi ba, a cikin ɗaki ya ci abincin idi kwana bakwai. Bana ma da haka za a yi, da ba a taɓa kurangar ba.

Na farko, wuta. Baba Zebulun ya kira ni ta kan katanga ya ce, "Ɗan Makluf, inabinka ya leƙo mini." Na amsa da murya mai sanyi, "Baba, abin da ubana ya dasa ba na sa masa ƙarfe." Na koma na rubuta: wuta, babu. Har na nuna wa matata Fortuna. Ta ce, "Murhun da nake ɗora tukunyar Asabar ma ba ya harshen wuta. Je ka ɗora hannu ka ji." Na rubuta wannan ma, amma a gefen shafi.

Na biyu, iska. Ban yi gulmar Baba Zebulun ba, Allah ya kiyaye. Shawara na nema. Na nemi shawarar mai gasa burodi, na nemi ta mai aski, na nemi ta duk wanda ya zo sayen kan sarki a tagata bai sami hanyar gudu ba. Mutum goma sha ɗaya, sunayensu suna rubuce. Wasunku kuna nan, ina ganin kuna kallon rufi.

Na uku, ruwa. A nan zan taƙaita, domin kunya. Ina son inuwar, ina son kujerata a ƙarƙashinta da shayi mai na'ana'a. Shekara guda layin ruwa fari fat, ban taɓa zargin kujerar ba.

Na huɗu, ƙasa, kuma a nan na fi nauyi. Kalmar "gobe" ta fito sau arba'in da biyu a kundina. Da goben ta ƙare sai na nemo mata hujja: ai an hana mu sare itace mai 'ya'ya. Na tafi wurin Malam ina murna, na ƙara da cewa ni halin Ishaku nake bi, wanda ya sake tona rijiyoyin mahaifinsa bai bar su sun ɓace ba. Malam ya cire tabarau ya ce, "Obadiya, kashe itace aka hana ka, ba a hana ka yi masa aski ba. Ishakun kuma, da aka yi jayayya da shi kan rijiya, bar musu ya yi ya matsa gaba. Ka karanta har ƙarshe mana."

Duk da haka, jama'a, duk da haka ban yanke ba. Abin da na yi shi ne, jajibirin Ranar Kafara, babban azuminmu, na sa farar riga na gangara wurin Baba Zebulun neman gafara, kamar yadda ake yi. Na tsara jawabi mai sakin layi uku. Ban gama na farko ba ya ce, "Na yafe, na yafe, kar ka ƙarasa, shayina zai huce. Ɗaga kanka." Na ɗaga. Ganye ne ko'ina. Ya ce, "Gafara ka samu kyauta. Ni sama nake nema."

Da wannan maganar na yi azumi. Washegari da hantsi na ari almakashin lambu, Fortuna ta riƙe tsani tana cewa, "Yanka, malam marubuci, ba sai ka rubuta tukuna ba." Ji nake kamar gemun mahaifina nake yankewa. Na yanke duk reshen da ya tsallaka, na ɗaure, na saɓa a kafaɗa na nufi bola.

Sai na ji murya daga baranda: "Kai! Ina za ka kai su?"

Na ce, "Bola, Baba."

Ya ce, "Bola! Shekara guda kana gyaran hali, dokar bukka ta gagare ka? In reshe yana jikin itace ne yake ɓata bukka. In an yanke shi, ai shi ne rufin. Kawo nan, sarkin alƙalami."

Ni na hau na jera masa su, yana ƙasa yana nuni da sanda: nan ya yi kauri, nan rana ta yi yawa, bar ƙofar da za a hango taurari. Ranar farko ta idi, ranar Ibrahim, ya aiko a kira mu. Muna cin kuskus a ƙarƙashin ganyen, sai ya ce, "Haka ubanka yake jerawa, sai dai shi ya fi ka sauri."

Na ce, "Ubana?"

Ya ce, "Shekara talatin, washegarin azumi, shi yake yankewa ya miƙo mini ta katanga. Da wane ganye kake zaton nake rufi?"

Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Ka tambaye ni? Mutum goma sha ɗaya ka tambaya, har da mai aski."

'Yan'uwa, shekara biyu ina gadin kurangar mahaifina, ashe gadon ba kurangar ba ne, askin ne. Na dawo gida na buɗe kundi na rasa layin da zan sa wannan. Fortuna ta leƙo ta ce, "Sa a duka huɗun." Haka na yi.

Allah na Ibrahim da Ishaku da Yakubu ya sanyaya wutarmu, ya kwantar da iskarmu, ya tsare ruwanmu a magudanarsa, ya ɗaga mu daga ƙasa tun kafin gobe. Ya ba Malam lafiya da haƙurin zama da mu. Ya saka wa hannuwan da suka dafa. Ya ji ƙan mahaifina. Ya ƙara wa Baba Zebulun ƙarfin gwiwa da tsawon rai, mu ga idin baɗi lafiya. Almakashin kuwa na saya nawa, yana rataye a bakin katanga.

Na gode.