Ranar da Kalangu Ya Koma Mahauta

Mai girma shugaban taro, Alhaji Maiturare, Sarkin Pawa Bamalli da mahautansa, 'yan'uwana makaɗa, jama'ar Wambai da ta Kwamba, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba baƙo bakin magana. Shekara goma sha tara ke nan da na baro Gobir da kalangu a hammata, tun garin nan ana ce masa Abuja.

Magana ta farko, rabon makaɗi ya sauya. A da kowane gari da makaɗinsa, kowa ya ci gwargwadon hannunsa. Yanzu mutum ɗaya zai shiga ɗaki a Ikko ya yi waƙa sau ɗaya, a zuba ta a faifai, a sayar a Kano, a sayar a Kumasi, a sayar har Landan. Yana barci ana biyansa. Mu kuwa ran da hannu ya huta, tukunya ta huta. Ban ce bai iya ba, wallahi ya iya. Amma tuwon mutum ɗari aka juye wa mutum ɗaya.

Ta biyu, da Sarkin Pawa ya sallame mu ya ɗauko garmaho da lasifika a shagon Akinola, na ji zafi, har na naɗe tabarmata zan koma gida hannu rabbana. Ya ce inji ba ya neman tsoka. Gaskiya ne. Abin da ya manta, mu ba ma taɓa kalangu sai an kayar da sa an yanka. Matan da ke cikin gida mu suke saurare. In kiɗa ya tashi sun san nama ya sauka, su aika. Shi kuwa faifai tun hantsi yake yi har la'asar, da nama da babu. Suka aika sau biyu, sau uku, kwano na dawowa wayam, suka daina. Nama ya riƙa kwana, ƙuda na biki.

Jiya sai ga Sarkin Pawa da kansa a zaurena. Ya ce, "Bagobiri, kwance kayan nan, ni na yi wauta." Na ce, "Ranka ya daɗe, sai babba ke iya faɗin haka."

Akinola ba shi da laifi, sana'arsa yake yi. Bukukuwa kam faifai ya ƙwace, ba na yaudarar kaina. Amma mahauta ta dawo, kuma da babu gara ba daɗi.

Allah ya ba mahauta kasuwa, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na Ikko, Allah ya ƙara masa, ya bar mana abin lasa. Ni kuma, ran da zan ga Gobir, Allah ya sa ziyara ce ta kai ni, ba yunwa ba.

Na gode.