Raƙuma da Sandar Wutar Ƙofar Gidana

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Tanut, gidana yana bakin kasuwar dabbobi.

Kowace ranar kasuwa makiyaya suna ɗaure raƙumansu a wayar da ke riƙe da sandar lantarki, don babu turaku a wurin. Yanzu sandar ta karkata kan ɗakin kwanana.

Na je kamfanin wuta, ma'aikacin ya ce, "Baba, raƙuma aikin magajin gari ne." A ofishin magajin gari kuwa aka ce sanda ta kamfani ce. Ga damina ta ƙarato da iskarta.

Ina tambayar hukumar da ke sa ido kan kamfanin: gyaran nan a wuyan wa yake? Kafin ta amsa, na mayar da gadona zaure.