Ranar da ruwa ya tafi da takalmina

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai cetonmu. Rahila ce, taku ta Jidda. Ku yi haƙuri da rubutun, a waya nake bugawa kafin in shiga aiki.

Kun san aikin nas ya kawo ni nan. Kun kuma san Mama ta rasu bara, izinin fita bai fito da wuri ba, a waya na kalli jana'izarta. Tun ranar bakina ya rufe. In na durƙusa sai in ji babu abin faɗa. Daga asibiti sai ɗaki.

Ina da abokiyar aiki, Amal, musulma ce 'yar Hausawan nan, haihuwar unguwar Ruwais, Hausarta rabi Larabci. Ita ta gaji da ni. Ta ce, "Ya Rahila, halas, zaman ɗakin nan ya isa. Jumma'a za mu wadi, ba inda masu ɗaukar hoto ke cika ba. Yalla, ki nemi takalmi."

A watan Disamba ne. Muka bi wata ƙungiyar masu yawon duwatsu, muka yi nisa da gari. Wadin nan busasshen rafi ne tsakanin dogayen duwatsu, ƙasa yashi fari sol.

'Yan'uwa, ina sa ƙafa sai na ga gida! Kamar rafin bayan ƙauyenmu. Duk bayan Kirsimeti Baba yakan kwashe mu mu hau dutse, ya ce kowa ya cire takalmi, yatsun ƙafa sun fi roba sanin dutse. In mun sauko sai mu tarar da Mama a yashin rafi ta haƙa rami, ruwa na tsattsafowa, tana kwalfa da ƙoƙo, ga sauran shinkafar biki a ƙwarya. Kai, duniya!

Jagoranmu ya nuna wani baƙin gajimare can nesa kan tsaunuka, ya ce kada kowa ya zauna a ƙasan wadi, a bi hanyar sama. Ni kuwa dariya na yi a raina. Ruwa a Disamba? A gida wa ke tsoron rafi da rani? Sararin sama a kaina ma tas yake. Na manta a nan lokacin sanyi ne ake ruwa, kuma ba sai ya zuba a kanka zai same ka ba.

Na ce wa Amal su yi gaba, ina zuwa. Ta ce, "Wallahi ke kin cika taurin kai," ta bi su.

Na cire takalmi, na zauna, na fara haƙa yashi da hannu kamar Mama. Sai kuka ya zo, irin wanda ban yi ba tun rasuwarta. Cikin kukan bakina ya buɗe. Na ce, "Yesu, na gaji. Ban san ko kana jina a ƙasar nan ba. In kana nan, ka tashe ni."

Ban ji wata murya daga sama ba. Ƙamshi na ji. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na ruwan fari. Mu kuwa a gidanmu, da an ji wannan ƙamshin Mama za ta ƙwala kira, "Rahi, shanya!" Ba ka tunani, miƙewa kawai kake yi. Haka na tsinci kaina a tsaye.

Sai na ji rugugi kamar tirela tana gangarowa. Ga Amal can sama tana ihu, "Sail! Ruwa, ya bint! Hau!"

Hanyar da suka bi ta yi mini nisa. Dutsen gabana na kama, ƙafa ba takalmi, yatsu a cikin tsagu kamar yadda Baba ya koya mana. Ina hawa ina kiran Yesu. Da na kusa kaiwa hannuna ya gaza, Amal ta kwanta rub da ciki ta miƙo mini gyalenta, jagoran ya riƙe ƙafafunta, suka ja ni.

Na waiwaya. Inda na zauna ya zama jan ruwa, yana tafe da duwatsu da itace. Takalmina, jakata, duk sun tafi.

Amal tana ta alhamdulillah, ni ina na gode Yesu, muna rungume. Can ta dubi ƙafata ta ce, "Takalminki ya riga ki tafiya Najeriya, ta teku zai bi." Muka yi ta dariya da hawaye.

Har yanzu ina kewar Mama, ba zan ɓoye muku ba. Amma addu'a ta dawo bakina, kullum. Allah ya tashe ni da kiran uwata, ya hau da ni da ƙafar da ubana ya koya wa dutse, ya jawo ni da hannun ƙawata. Yabo ya tabbata gare shi!

Wanda bakinsa ya rufe kamar nawa, ɗan'uwa, ko kalma ɗaya ce ka faɗa masa. Yana ji, har a ƙasan wadi. Ku taya ni godiya ranar Lahadi. Ku kuma gaya wa Baba, takalmin ya tafi amma ƙafar tana nan. Amin.