Shanyar Rogo a Kan Kwale-kwale

A tashar motar Jinja, wata mata tana ba dattijon da ke gefenta labari.

"Baba, sabon kwale-kwale fa! Mijina ya ɗauko baƙi biyu, suna tsakiyar duwatsun nan na cikin kogi inda ruwa ke tafasa, sai ƙasan jirgin ya ɗaye kamar ɓawon albasa. Da ƙyar aka tsamo su."

"Subhanallahi! A ina yake ajiye shi?"

"Kan rufin kwanonmu, saboda ɓarayi. Ni ma sai na samu wurin shanya. In kife shi, in shimfiɗa baƙar leda, kafin la'asar rogona ya bushe."

"Baƙar leda? A kan kwano? A zafin ranar nan?"

"To, meye a ciki?"

"Baiwar Allah, jirgin nan falle-falle ne, da gam aka haɗa shi. Ai gasa shi kika yi ta yi! Gam ya saki, ruwa ya samu hanya."

"Haba, Baba! Algus ne na wanda ya ƙera shi, wani wai shi Kirunda. Yana hannun 'yan sanda, mu muka kai shi."

Dattijon ya dafa kular abincin da ke kan cinyarsa.

"Ashe ku ne. Wannan abincinsa ne zan kai masa. Ɗana ne."